Zuwa ga Edita: Tsayuwa kawai ba ta rage tumbi, a numfashi ne yanayin zama da kwanciya yake aiki

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ya cika mana wayoyi kwanan nan, wato bidiyoyin nan da ake ta turowa a Facebook da WhatsApp da TikTok wai in mutum na son tumbinsa ya zube to ya daina zama, ya riƙa yin aikinsa a tsaye, har wasu na tallan dogon teburin da ake ɗora kwamfuta a kai a yi aiki ba kujera, suna cewa ai tsayuwar kaɗai ma ƙona kitse take yi. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki, don abin da tsayuwa take ƙarawa a ƙarfin da jiki ke kashewa ɗan mitsitsi ne, inda yanayin zama ko kwanciya yake da tasiri babba shi ne numfashi, kuma shi ne ba ka jin kowa na maganarsa.

Bari in fara da yadda ake sanin ƙarfin da jiki yake ci in mutum na hutawa, tunda ba da ido ake gani ba. Da numfashi ake aunawa. Tun wajen 1790 wani masani a Faransa mai suna Lavoisier ya sa abokin aikinsa Séguin ya riƙa numfashi ta cikin wata na'ura, ya auna oksijin ɗin da yake sha yana zaune, da bayan ya ci abinci, da cikin sanyi, da kuma lokacin da yake aiki da ƙafa, ya ga kowanne da adadinsa. Har yau kusan hanyar kenan, na'urorin ne kawai suka canza. Babban mutum mai lafiya in yana hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, duk shaƙa ɗaya kamar rabin lita na iska, a minti ɗaya wajen lita 6 ke shiga ta fita, a ciki jiki yake tsame oksijin kamar kwatan lita. Duk lita ɗaya ta oksijin da jiki ya sha daidai take da kalori kusan 5, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci yake kashewa. In ka yi lissafi za ka ga mutum na kashe kamar kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a duk awa, wato mai kilo 65 yana cin wajen kalori 65 a awa ko da ko yatsa bai ɗaga ba.

To ina ƙarfin nan yake tafiya alhali mutum na kwance? Nan ne mutane ba sa tsayawa su duba. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100, hanta ma kusan haka, ga zuciya ga ƙoda da ba sa hutu dare da rana, sai tsokar jiki gaba ɗayanta da duk yawanta in ba motsi take ba ita ma wajen kashi 20 ɗin take ci. Kenan mafi yawan abin da kake kashewa a hutu kayan ciki ne da ƙwaƙwalwa suke cinye shi, su kuwa ba ruwansu da ko a tsaye kake ko a zaune ko a kishingiɗe, hanta ba za ta ƙara aiki don ka miƙe daga kujera ba.

An ma auna abin ƙarara. A 2018 wasu likitoci na asibitin Mayo a Amurka sun tattara bincike 46 da aka yi a kan mutum 1,184, ana kwatanta zama da tsayuwa, bambancin da suka samu shi ne kalori 0.15 a minti ɗaya. Na maza ya ɗan fi na mata amma duk dai a nan yake yawo. Malam Edita ɗauki biro mu yi tare, 0.15 sau 60 kalori 9 kenan a awa, in ka daure ka tsaya awa 6 cur a rana a maimakon zama ka samu ƙarin kalori 54. Kilo ɗaya na kitse kuwa wajen kalori 7,700 ne a cikinsa, kenan sai ka yi kusan wata 5 kana wannan tsayuwar ta awa shida kullum kafin a ce kilo ɗaya ya tafi, shi ma in ba ka ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ka saba ci ba, wanda kowa ya san ba haka rayuwa take ba. Kalori 54 ɗin nan tafiyar ƙafa ta kamar minti 20 ta biya ka ita, ba tare da ƙafarka ta kumbura ko bayanka ya riƙe ba, don doguwar tsayuwa wuri ɗaya ita ma tana da nata illar, masu aikin da ke tsayar da su yini guda sun san ciwon ƙugu da jijiyoyin nan da ke fitowa ruɗu-ruɗu a ƙafa.

Dalilin da ya sa bambancin bai da yawa shi ne an gina jikin ɗan Adam ya tsaya a arha, gwiwa na miƙewa ta kulle, nauyi na sauka a kan ƙashi, tsokar sharaɓa da ta baya ne kawai suke ɗan gyara ka kar ka faɗi gaba ko baya. Abin da ke ruɗar mutane, musamman masu ɗaura agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, shi ne da zarar sun miƙe sai su ga bugun ya ƙaru da 10 ko sama da haka, sai su ce kai ga shi nan jiki ya kama aiki. A'a, ba aiki ba ne. In ka miƙe tsaye jini kamar rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ƙasan ciki, wanda ke komowa zuciya ya ragu, duk bugu ɗaya jinin da take turawa ya ragu, sai ta ƙara sauri don ta cike giɓin kar ƙwaƙwalwa ta rasa. Shi ya sa wani in ya zabura daga kwance yake ganin jiri da duhu-duhu, shi ya sa kuma za ka ga soja ƙaƙƙarfa ya yanke jiki ya faɗi a filin fareti in an tsayar da su ƙiƙam na dogon lokaci, saboda tsokar sharaɓa ce take matso jini ya hau sama kuma ba ta yin haka sai ana motsa ƙafa.

Kar a fahimce ni baibai fa, ba cewa nake zama ya fi ba. Yawan zama cuta ne, amma maganinsa motsi. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na Landan, ya ga direbobi da ke zaune yini guda ciwon zuciya ya fi kama su a kan kwandastoci, to amma su kwandastocin ai ba tsayuwa kawai suke ba, hawa da sauka suke a matakala ɗaruruwa a rana suna karɓar kuɗin mota. A 2005 kuma wani likita a Amurka, James Levine, ya sa wa mutane wasu tufafin ciki masu na'urar gane motsi, ya ga masu ƙiba sun fi marasa ƙiba zama da kamar awa 2 a rana, bambancin kuwa a ƙananan motsi yake, tashi ka ɗauko abu, zagayawa, kai da kawowa. Wani abin da ya fi burge ni ma shi ne binciken 2020 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya masu farauta da tsintar 'ya'yan itace, an ga su ma suna hutawa kusan awa 10 a rana kamar ma'aikacin ofis, sai dai wani ɓangare na hutun a tsugune ko a durƙushe suke yinsa, a haka kuwa tsokar ƙafa na ɗan aiki fiye da wanda ya baje a kujera. Kwanciya zalla kuma kar ma a yi maganarta, a 1966 a birnin Dallas na Amurka an kwantar da samari 5 'yan shekara 20 a gado sati 3, ƙarfin jikinsu na shan oksijin ya faɗi da sama da kwata, da aka sake auna su bayan shekara 30 sai aka ga tsufan shekara talatin ɗin bai yi musu ɓarnar da kwanciyar sati ukun ta yi ba.

Yanzu ga inda nake son a fi maida hankali. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ce babbar mai aikin numfashi in mutum na hutawa. In ta ɗaure sai ta sauka ƙasa ta tura kayan ciki, ƙirji ya samu fili iska ta shiga, in ta saki sai huhu ya koma da kansa iska ta fita ba tare da an kashe wani ƙarfi ba. Ga mai lafiya duk aikin numfashin nan bai kai kashi 5 cikin 100 na oksijin ɗin da yake sha ba, shi ya sa ba ma ko tunawa da shi. To in kana tsaye ko zaune a miƙe, nauyin hanji da hanta da tumbi ƙasa yake ja, tsokar na da wurin sauka. Da ka kwanta rigingine sai kayan cikin su gangaro su danno ta sama. Bayan ka fitar da numfashi na yau da kullum akwai iskar da ke saura a huhu, a tsaye takan kai lita 2 da rabi zuwa 3, a rigingine sai ta ragu da rabin lita har zuwa lita guda. Wannan ragowar iskar ita ce ajiyarka, ita ke hana ƙananan jakunkunan huhu manne wa juna, ita ke ba jini oksijin tsakanin shaƙa da shaƙa. Saurayi mai lafiya ba zai ji komai ba. Amma mai ƙiba sosai, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko wanda aka yi wa tiyata a ciki, shi wannan ragin ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, shi ya sa a asibiti ake ɗaga kan gado, ake kuma matsa wa wanda aka yi wa aiki ya tashi zaune da wuri ko da yana ƙorafi.

Zaman ranƙwafe ma haka. Dubi yadda muke zama da waya, ɗuwawu ya zame gaban kujera, baya ya lanƙwashe, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, haƙarƙarin ƙasa ya nutse cikin tumbi. Duk mai karanta wannan ya gwada yanzu, ɗora tafin hannu a kan cibiya a yadda kake ɗin nan ka ja numfashi iya ƙarfinka, za ka ji ya tsaya a rabin hanya kafaɗu ne kawai suka ɗaga. Sai ka ja ɗuwawu baya ya taɓa jikin kujera, ka miƙe ƙugu, ka sake ja, za ka ji hannun ya turo waje kuma iskar ta shige har ƙasa. Ba sai an kawo na'ura ba. Jiki ma da kansa yana gyara abin ba ka sani ba, ajiyar zuciyar nan da muke yi kusan duk bayan minti 5 ba damuwa ce kaɗai ke kawo ta ba, dogon numfashi ne da ke sake buɗe jakunkunan huhun da suka fara rufewa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi shi ne wani kawuna da ya yi fama da ciwon zuciya. Mutum ne da filo ɗaya ke isarsa, sai ya koma biyu, sai uku, sai aka wayi gari yana naɗe bargo yana cusawa a ƙarƙashinsu, daga baya ma a kujera yake kwana. Cikin dare sai ka ji ya farka firgigit yana haki, ya zauna bakin gado ya sauko da ƙafafu ƙasa, ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya ce a buɗe taga, sai ya yi kamar minti goma a haka kafin numfashin ya daidaita. Matarsa kan ce "Malam ka kwanta mana ka huta," shi kuma ya ce "ke dai bar ni a haka, in na kwanta ji nake kamar an danne ni." Kowa a gidan ya ɗauka tsufa ne ko zafi. Da aka je asibiti, cikin tambayoyin farko da likita ya yi har da "Baba, da filo nawa kake kwana?" Ashe da rana ruwa ke taruwa a ƙafafunsa, shi ne kumburin da ake gani a idon sawu, in ya kwanta sai ruwan da jinin su komo ƙirji, zuciyar da ta yi rauni ta kasa tura su gaba, sai huhu ya jiƙe. Tashi zaunen da yake yi yana maida ruwan ƙasa ne. Don haka duk wanda ya ga filonsa na ƙaruwa, ko ba ya iya kwanciya flat sai numfashi ya sarƙe, dan Allah ba sabon filo zai nema ba, likita zai gani.

Wannan zaman na dafa gwiwa a ɗan sunkuyo gaba, masu asma da masu tsohon ciwon huhu ma shi suke yi in abin ya motsa, ba wanda ya koya musu. In hannu ya kafu a gwiwa ko a teburi, tsokokin wuya da na kafaɗa da na ƙirji suna samun madogara su taya ɗaga haƙarƙari, sunkuyowar kuma na taimaka wa tsokar numfashi ta koma siffar da take iya ja da kyau. Kuskuren da 'yan uwa ke yi saboda tausayi shi ne su kama mutum su kwantar da shi rigingine wai ya huta. Kar a yi. A bar shi a zaune yadda ya zaɓa, a sassauta masa riga, a miƙo masa abin shaƙarsa, in bai lafa ba a yi asibiti.

Sai kwanciyar rub da ciki, wadda da yawa suka fara jin labarinta lokacin korona. Tun kafin nan, a 2013, wani bincike da aka yi a asibitocin Faransa da Sifen ƙarƙashin wani likita mai suna Claude Guérin ya duba marasa lafiya 466 da huhunsu ya yi mummunan kamu har suna kan na'urar numfashi. Waɗanda ake kifawa aƙalla awa 16 a rana kashi 16 cikin 100 ne suka rasu cikin kwana 28, waɗanda aka bari rigingine kuwa kusan kashi 33. Babu wani sabon magani a ciki, juyi ne kawai. Dalili shi ne ɓangaren huhu na baya ya fi girma kuma jini ya fi bi ta nan, in mutum na rigingine nauyin zuciya da na jiƙaƙƙen huhun da na kayan ciki duk a kansa suke, sai ya rufe, jini na wucewa ba iska. In an kifa shi sai wurin ya buɗe iska ta haɗu da jini. Amma fa wannan aikin ma'aikatan asibiti ne a kan wani ciwo takamaimai, ba wai kowa ya riƙa kifa mara lafiyarsa a gida ba.

Kuma abin da ya dace da wani shi ne haɗarin wani. Jariri a rigingine ake kwantar da shi in zai yi barci, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri ba filo ba tarin zannuwa kusa da fuska. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da shawarar a daina kwantar da jariri rub da ciki a 1992, aka yi gangami a kai daga 1994, mutuwar farat ɗaya ta jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi a ƙasar. Mai ciki kuwa in ya wuce sati 20 akasin haka ne, in ta kwanta rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke maido jini zuciya, sai ta ji jiri da tashin zuciya da gumi, shi ya sa ake ce mata ta kwanta ta gefe, an fi son hagu. Mai minshari shi ma rigingine ne abokin gabarsa, harshe da naman maƙogwaro na zamewa baya su toshe hanya, in kana jin mutum na minshari sai ya yi ɗif na wasu daƙiƙu sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi, kuma da rana kullum yana gyangyaɗi, wannan ba abin dariya ba ne, juya shi gefe kan rage abin amma ya kamata a duba shi, don yana da alaƙa da hawan jini.

Na ƙarshe shi ne wanda ya suma ko ya fita hayyacinsa amma yana numfashi, misali bayan farfaɗiya ta sake shi. Ba a barinsa rigingine, ba a zaunar da shi, ba a ɗura masa ruwa a baki. A juya shi ta gefe, a lanƙwasa gwiwar da ke sama ta tokare ƙasa kar ya kife, a sa bayan hannunsa ƙarƙashin kunci, a ɗan ɗaga haɓa baya, bakin ya kalli ƙasa yadda in amai ko yawu ya zo zai zubo waje ba zai koma huhu ba. In ana zargin ya bugu a wuya ko gadon baya, kamar a haɗarin mota, to ba a jujjuya shi sai in dole, a riƙe kan daidai da jiki har masu agaji su iso, kuma a riƙa duba ƙirjinsa ana tabbatar yana ɗagawa.

Na gode Malam Edita da wannan fili, a gaida abokan aiki.

Naku,
Wani mai bibiyar shafinku na lafiya